Dami Biyar na Iri

Talata, 16 ga Mayu, bayan azahar

Yau na shiga rumbu. Kaka Almu ya riƙe tsani, na hau, na ɗage murfin ciyawa, na bi igiya na sauka. Ni ce mai shiga tun da Baba ya tafi biɗa, neman kuɗi a wata ƙasa. Gwiwoyin Kaka ba su hawa, idonshi ma hazo-hazo yake gani. Inna kuwa ba ta leƙa rumbun surukinta. Haka abin yake a gidanmu, matar da anka auro ba ta ganin cikin rumbu, sai ɗiyar gida. Dela ƙanwata shekararta shida. Saura ni.

Kaka ba ya tambayar dami nawa. A wurinshi rumbu kamar mutum yake, yana da wuya, da ƙirji, da cibiya, da gindi. Ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce, "Amarya, ina hatsi ya kai?" Amarya yake ce mani don tsokana, wai ni ce matarshi ta ƙarshe.

Na ce, "Cibiya."

Ya ce, "Madalla. Wanga ya kai mu sabo."

Ba cibiya ba ne. A kan daɓen rumbun nake tsaye. Ban da wanda na kwance yau, dami uku na ci sunka rage. Sai dami biyar na iri, waɗanda Kaka ya zaɓa ran girbi, zangarniya ɗaya-ɗaya yana shafawa da hannu, ya ɗaure da jan ƙyalle. Shi ke nan abin da ke ciki.

Na rubuta a nan don ba ni da wanda zan gaya ma.

Laraba, 17 ga Mayu, da hantsi

Rijiya sau uku, bido, wato jarka, biyu-biyu a bayan jaki. Sussuka, sheƙa, surfe. Na dama fura. Da na zo raba ta na ƙara ruwa kaɗan. Inna ta kurɓa ta ce, "Ke, wanga hura ce ko wankin ƙwarya?" Inna ba ta faɗin sunana, ni ce ta fari. Ke take ce mani.

Na ce hannuna ne ya zarce.

Laraba, da la'asar

Na hau tudu da salular Inna don in kira Baba, can ne kawai rezo yake kamawa. Matar nan mai Faransanci ce ta amsa. Ba a samunshi.

Alhamis, 18 ga Mayu, da maraice

Mariyatu ta shigo da duwatsun carabke a leda. Tare munka yi lakwal har aji shida, tare munka bari. Ita bakinta ba ya hutawa. Munka zauna bayan ɗakin Inna inda ƙasa ta yi laushi, ta cinye ni sau huɗu.

Ta ce, "Mubaraka, da ke ce ke cin kowa. Yanzu dutse na sama idonki na kan rumbu. Saurayi kinka ɓoye ciki?"

Na yi dariya don ta bari. Ba ta bari ba, sai da Dela ta zo ta kwashe mata duwatsu biyu ta gudu.

Asabar, 20 ga Mayu, da safe

Na shiga. Saura biyu na ci.

Cibiya.

Lahadi, 21 ga Mayu, bayan azahar

Zafi ya hana komai. Munka shimfiɗa a rumfa ni da Inna muna saƙar tabarma. Ita ke yin baki, ni ina tsaga kaba ina jiƙawa. In Inna na saƙa takan yi magana ba ta dubi mutum ba, shi ne lokacin da na fi son zama da ita. Ta ce in ubanmu ya aiko za ta sayi tukunyar ƙarfe babba, wadda muke da ita ta fara yoyo. Ta ce wata huɗu ba wani abu ba ne, mijin Gwaggo Dije ya taɓa yin shekara ba labari, ya dawo da rediyo.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ce mata ko za mu je tudu mu tsinko anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, mu jiƙa, a riƙa gauraya wa.

Ta aje kaba ta dube ni. "Anza? Gidan da hatsi ke cibiya? So kike a gan mu bisa tudu a ce gidan Almu sun hwara cin anza tun ruwa bai sauka ba? Kada kakanki ya ji wagga magana."

Na ci gaba da tsaga kaba. Kabar ta yanke ni a ɗan yatsa, na tsotse.

Wannan kaye da nake rubutu ciki Baba ya ba ni, da bik biyu na rubutu, ranar da anka tafi garin Tamaske. Ba na son in rubuta ranar Tamaske.

Talata, 23 ga Mayu, da hantsi

Ɗiyar Gwaggo Dije maƙwabciyarmu ta haihu, jibi suna. Kaka ya kira ni ya ce a fitar da dami guda cur a kai masu gudummawa. Na tsaya ina murza bakin zanena.

Ya ce, "Mi ne ne? Rowa za ki koya tun ba ki yi gidanki ba? Hau, amarya."

Na hau. Na ɗaure damin da igiya, na fito, na ja shi ni kaɗai, don mijin Gwaggo Dije ya ce bari ya hau ya taya ni, na ce a'a da sauri. Ya yi dariya ya ce jikar Almu ƙarfi gare ta. Kafaɗata har yanzu tana zafi.

Saura ɗaya.

Laraba, 24 ga Mayu, da la'asar

Ba a samunshi.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan magariba

Tun asuba muna gidan suna. Mu takwas kan turmi uku, ana lugude ana tafi, Mariyatu na jefa taɓarya sama tana juyi kafin ta cafe. Hatsinmu ne nake daka wa mutane. Na gane shi, namu yana da ɗan duhu. Anka yi fura ƙwarya-ƙwarya, yara na zubarwa a ƙasa, kaji na bi.

An ba ni tuwo da miyar kuka da nama yanka biyu. Na ci ɗaya, na ƙunsa ma Dela ɗaya.

Da 'yan mata sunka fita gaɗa ban je ba. Na ce ciwon kai. Kafin rana ta faɗi na shiga rumbu na kwance na ƙarshe na ci. Kaka na gidan suna, ba wanda ya tambaye ni ina ya kai. Na ji daɗin wannan, sai kuma na ji kunyar jin daɗin.

Asabar, 27 ga Mayu, da rana

Wanki a bakin rijiya. Zanen Inna uku, rigar Kaka, kayan Dela. A ƙasan kwandon na tarar da rigar Baba mai ruwan ƙasa, Inna ta sako ta ko da ba wanda ya sa ta. Na wanke, na shanya nesa da sauran.

Abin da Baba ya ce shi ne kafin ruwa ya sauka zai aiko a mayar da komai, ba wanda zai sani. Ya ce ni babba ce yanzu. Ya ce in rantse, na rantse.

Ruwa bai sauka ba tukuna. To ba a ce ya saɓa ba.

Lahadi, 28 ga Mayu

Na ce ma Inna ina azumin nafila. Ta ce yau Lahadi. Na ce na manta.

Talata, 30 ga Mayu, da safe

Na daɗe a ciki. Kaka na ta bubbuga tsani da sandarshi yana cewa ko barci nake.

Na share daɓen da hannu na tara zangarniyar da ta zube, ba ta rufe gindin kwando ba. Na zauna. Cikin rumbu sanyi gare shi, yana ƙamshin ƙasa. Ta bakin sama ina ganin rana kamar faifai.

Na kwance jan ƙyalle ɗaya.

Zangarniyar iri doguwa ce, ta kai tsawon hannuna, cike take har tsini. Kowa ya gan ta ya san ta. Sai na riƙa karya ta biyu, wata uku, a kan gwiwata, a hankali don kada ƙarar ta fita. Ƙyallen na cusa shi cikin wata tsaga a bango.

"Ina ya kai?"

"Cibiya."

"Har yanzu? Kai, bana Allah ya sa albarka."

Na ce amin.

Laraba, 31 ga Mayu, da hantsi

Inna na sheƙa ta tsaya, ta ɗebi ƙwayar a tafin hannu ta ce, "Dibi wanga hatsi, kamar an wanke. Halan na gonar fadama kinka kai gare shi." Na ce halan.

Furar ta yi daɗi. Kaka ya sha ya ƙara, ya side ludayi, ya ce a gaya wa uwar Dela hannunta ya dawo. Ni na kai saƙon, don Inna ba ta zama gaban Kaka su yi hira, daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi. Komai ta bakina yake bi. Kowa ya yarda da bakina don ba ya yawan buɗewa.

Ban iya sha ba. Na ba akuya nawa a ɓoye, sai na tuna abin da na ba ta, na tsaya ina kallonta tana lasa.

Juma'a, 2 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Tsoho Ɗanmaraya ya zo dara wurin Kaka a gindin bedi na ƙofar gida. Kullum sai sun yi faɗa, kullum sai ya dawo. Ina ba awaki ruwa ta bayan darni, ina jin su.

Ɗanmaraya ya ce, "Almu, ka sake tura itacena da gwiwa. Makanta ta ƙarya kake yi."

Kaka ya ce, "Ni da kai wa ke ƙarya? Kai da ka cinye irinka bara, ka zo ka shuka na kanti, ya hito kamar gashin jaki?"

"Yunwa ce, ba ni ba."

"Yunwa ta zo gidan ga tun ina goye. Mun ci ganye, mun ci dusa, ubana ya sai da raƙuminshi. Ba a kwance iri ba. Hatsin ga kakana ya taho da shi cikin salka, tun muna kai ma mutanen arewa rabonsu. Ko su ba a nuna masu shi ba."

Ɗanmaraya ya ce to ya ji, a ci gaba da wasa, wa'azi sai liman.

Bokitin ya kuɓuce mani. Ruwan da na ɗauko tun safe.

Asabar, 3 ga Yuni, da safe

Jan ƙyalle na biyu.

Lahadi, 4 ga Yuni, da la'asar

Na hau tudu. Wannan karon ta yi ƙara sau biyu. Na zauna bisa dutse. Wani ya ɗauka, ba muryarshi ba ce, yana magana da wani yare, akwai iska da ƙarar inji a bayanshi. Na ce Halidu, Halidu, ban taɓa faɗin sunan Baba da ƙarfi haka ba. Ya kashe. Na sake kira, matar Faransanci.

Inna na tsaye bakin ƙofa da na dawo. Na ce ba a samunshi.

Yanzu abu biyu ke nan nake ɓoyewa.

Talata, 6 ga Yuni, bayan azahar

Yau ce ranar da ta fi.

Da safe mai shela ya zaga gari, wai wasu masu taimako sun zo ƙofar mai gari suna rubuta sunan gidajen da ba su da iri, za a kawo masu kafin shuka. Mutane sunka yi ta wucewa ta ƙofarmu. Gwaggo Dije ta leƙo ta ce, "Baba Almu, ba ka zuwa? Ko kana da shi ka karɓa, ai ba ya ruɓewa."

Kaka ya ce, "In karɓe na wanda ba shi da shi? In ce mi ran lahira?" Sai ya juyo wajena, ina tankaɗe a bakin murhu. "Amarya, masu jan ƙyalle na nan lafiya? Gara ba ta taɓa su ba?"

Ga Gwaggo Dije tsaye. Ga Inna a ƙofar ɗaki. Ga Dela na wasa da 'yar tsanarta ta kara.

Na ce, "Gara ba ta taɓa su ba."

Wannan gaskiya ce.

Da azahar na ce zan je neman itace, na bi ta ƙofar mai gari. Mutum biyu ne zaune da tebur da babban littafi, maza sun yi layi. Na tsaya jikin bango na daɗe. In na matsa me zan ce? Yarinya ba ta rubuta gida. Kuma kafin in dawo labari ya riga ni. Ɗayan ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, wa kike nema?" Na girgiza kai na wuce. Ina tsintar kara a bayan gari na ji motarsu ta tashi.

Laraba, 7 ga Yuni

Shara. Rijiya. Daka. Rijiya.

Alhamis, 8 ga Yuni, da safe

Na uku. Na ce ƙasa da cibiya kaɗan. Kaka ya ce ai dole, ci ake yi.

Asabar, 10 ga Yuni, da maraice

Mariyatu ta zo ta ce kaina ya zama saƙar tsuntsu, ta zaunar da ni ta tsefe. Tana kitso tana ba ni labarin wanda ya ce yana son yayarta, wai ya zo zance da moto aro, mai moton ya biyo shi a ƙafa ya karɓe abinshi gaban kowa. Na yi dariya ta gaske, har na manta.

Can ta ja gashina ta leƙo fuskata. "Wuyanki ya yi tsawo. Ba ki ci ne?"

Na ce zafi ne.

Ta ce, "Ƙanen babana ma can wajen haƙar zinariya yake, inda babanki ya tafi. An ce akwai ramin da..." Sai ta yi shiru. Mariyatu ba ta taɓa yin shiru da kanta ba. Ta ce in sunkuya, ta ci gaba da kitso.

Ban tambaye ta ba.

Lahadi, 11 ga Yuni, da la'asar

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Mata na ta kwashe shanya, yara na tsalle suna kiran ruwa, Dela har da cire riga. Kaka ya fito da sungumi yana gwada ƙotar. Kowa na cewa Allah ya saukar.

Ni na shiga bayan ɗaki na roƙi Allah kada ya sauka.

Iska ta watsa shi. Mutane sunka koma jiki a sanyaye. Na san ba addu'ata ba ce, ni wace ce. Amma na kasa duban kowa. Astagfirullah.

Litinin, 12 ga Yuni, da rana

Ranar Tamaske. Bari in rubuta kaɗan.

Duk gida an tafi Tamaske gaisuwar rasuwa, an bar ni don awaki. Da hantsi Baba ya dawo shi kaɗai, da amalanke da wani mutum da ban sani ba. Ni na shiga, ni na riƙa ɗaurewa suna ja. Har la'asar. Sunka bi ta hanyar bayan gari wadda ke fita Urno. Ya dawo ya share sawun taya da kanshi, da tsintsiyar Inna. Ban taɓa ganin Baba da tsintsiya ba.

Da zai tafi bayan kwana uku, Kaka ya tambaye shi ina ya samu na mota. Ya ce aboki.

Ya isa haka.

Talata, 13 ga Yuni, da safe

Na huɗu. Wata zangarniya ta faɗa kwando ban karya ta ba. Inna ta ɗaga ta a bakin turmi, ta juya ta, ta juya ta. Ta dube ni. Na sunkuya ina hura wuta, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.

Ta jefa ta cikin turmi. Wuni guda ba ta yi waƙar da take yi in tana daka ba.

Laraba, 14 ga Yuni, da la'asar

Ban hau tudu ba. Na zauna a gindinshi har lokacin da ya kamata, na dawo.

Alhamis, 15 ga Yuni

In saura ɗaya ya ƙare fa? Ban yi tunanin wannan ba. Duk kwanakin nan ban yi tunanin wannan ba.

Juma'a, 16 ga Yuni, bayan magariba

Ruwa ya sauka. Tun bayan la'asar har yanzu yana zuba. Mun tara duk tukwane da bokiti a bakin indararo. Ɗakin Inna na yoyo wuri biyu. Kaka ya tura sandarshi cikin ƙasa ya zaro ya shafa, ya ce ya kai shuka har ya wuce. Ya ce kowa ya kwanta da wuri.

Dela na ta waƙa.

Asabar, 17 ga Yuni, da azahar

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Gari na wayewa muna jin mutane na wucewa gona. Kaka ya riƙe tsani, ya ce, "Hito da su duka biyar. Uwar Dela ta sussuke biyu yanzu mu hwara da babbar gona, sauran a aje ko za a yi maimai in shuka ta ƙi."

Na sauka. Na ɗaure guda ɗayan, na fito na ja shi na sauke mashi. Ya shafa ƙyallen ya ce bismillah. Na koma ciki. Na zauna a ƙasa na haɗa kai da gwiwa.

"Amarya, turo na biyu."

"Amarya."

"Ke Mubaraka! Maciji ne?"

Ina ji Dela ta fara kuka. Ina ji sandar Kaka na dukan bangon rumbu. Sai na ji tsani ya motsa, Kaka na cewa, "Uwar Dela, mi kike yi? Uwar Dela, sauko, ba a yi!" Ba ta sauko ba. Hasken bakin rumbun ya rufe. Na ɗaga kai, fuskar Inna ce. Shekara goma sha shida tana gidan nan ba ta taɓa ganin wurin ba. Ta dubi daɓe, ta dubi bango, ta dubi jajayen ƙyalle huɗu da ke leƙowa daga tsaga. Ta daɗe.

Ta ce, "Mubaraka. Hito."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Da na sauko Inna ta durƙusa nesa kamar kullum, amma ita ta yi magana da kanta. Ta ce, "Baba, babu komai ciki."

Kaka ya ce, "Cibiya."

Ta ce, "Babu komai, Baba. Wanga na hannunka shi ne."

Ya lalubi turmi ya zauna a kai. Ya ce in matso. Na matso, na rufe ido ina jiran sanda.

"Hurar nan mai daɗi. Ita ce?"

Na ce, "Awo."

"Har na ƙara."

Ya juya fuska wajen rumbu.

"Hatsin ci fa? Rumbu guda. Ina ya tahi?"

Rantsuwar na wuyana. Ban faɗi suna ba. Na ce, "Ranar Tamaske."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Can Kaka ya ce, "Aboki." Shi ke nan abin da ya ce. Bai dake ni ba. Bai tambayi komai kuma ba. Ya sa hannu ya kwance jan ƙyallen da kanshi, ya miƙa ma Inna damin, ya ce a sussuke a hankali, kada ƙwaya ɗaya ta yi tsalle.

Asabar, bayan la'asar

Ba mu je gona ba, rana ta riga ta yi. Inna ta ɗaura zane ta hau tsani ta shiga rumbu da tsintsiya, ni ina bin ta da ƙwarya. Kaka na gani bai hana ba. Munka share daɓen kaf, munka tone tsagogi da tsinke. Ƙasa da kashin ɓera sun fi yawa. Ta sheƙe sau uku, ta tsince da hannu, anka samu abin da bai cika tiya ba. Ta haɗa da na damin.

A ciki ta ce mani, ba ta dube ni ba, "Kwana nawa kina ba Dela naki?"

Na ce ban ƙirga ba.

Tuwon yau da ragowar tsakin jiya anka yi shi. Ta tsaya a kaina sai da na cinye. Ta ce in mun taso daga gona gobe za mu wuce tudu da kwando mu tsinko anza.

Na gaya mata maganar mutumin da ya ɗauki waya. Ta ce to. Ta je ta kwance rigar nan mai ruwan ƙasa daga ƙusa, ta ninke ta sa a ƙasan akwati.

Lahadi, 18 ga Yuni, da la'asar

Mun fita tun ba a gane fuska. Kaka a gaba da sungumi, yana sara yana jan ƙafa. Ni da Inna a baya, kowa da 'yar ƙwarya, mu jefa mu rufe da diddige. Dela na riƙe da butar ruwa. Kaka ya ce a rage hannu, abin da yatsa biyu sunka ɗauka ya isa rami.

Ƙasar ta yi laushi, ba a taɓa samun irin ta ba. Ko'ina mutane, ana ta kiran juna daga gona zuwa gona, ana barka da ruwa. Kaka na amsawa ba ya ɗaga kai.

Rana ta kai tsaka, mun wuce suri da layi shida, na juye ƙwaryata a hannu. Inna ta nuna mani tata. Ko rabin babbar gona ba mu kai ba, ta fadama kuwa ba a ma zancenta.

Kaka bai sani ba. Yana gaba yana ta sara. Rami goma, rami ashirin, duk a buɗe. Inna ta dube ni, na dube ta. Ita ba ta iya ɗaga murya ga surukinta a fili.

Na ce, "Kaka." Bai ji ba.

Na ce, "Kaka! Iri ya ƙare!"

Ban san muryata na kai haka ba. Har mutanen gonar gefe sunka ɗago. Gonar Isiyaku ce, wanda Kaka ya girmi ubanshi, shi da matarshi da 'ya'yanshi suna shuka.

Kaka ya tsaya. Ya dawo a hankali yana bin ramukan da sanda har ya iso inda muke. Na fara tura ƙasa da ƙafa ina rufe na kusa da ni, don kada masu wucewa su gani.

Ya ce, "Bar su. Ƙasa na da laima har gobe."

Ya aje sungumi. Ya miƙo hannu, ban gane ba, sai ya karɓi ƙwaryar daga hannuna. Ya kaɗe ta a cinya. Ya gyara rigarshi. Ya nufi gonar Isiyaku, sanda a hannu ɗaya, ƙwarya a ɗayan. Na ce bari ni in je in roƙo irin. Bai juyo ba.

Kafin ya kai iyaka munka ga ya tsaya, ya cire hularshi ya sa a hammata.

Inna ta kama Dela ta juya mata fuska. Ni ma na juya. Mu uku munka tsaya muna kallon suri, muna jin shi daga baya yana sallama.